Tambaya ta Huɗu

Shekara ashirin da tara tana riƙe da makullin laburaren makarantar, amma a cikin yaran da suka bi ta hannunta da ƙyar za a sami goma da suka san sunanta na gaskiya. Anti Kati suke ce mata, ita ma har ta saba amsawa. Dokarta ce ta jawo mata sunan: duk wanda ya ari littafi, ba ya dawo da shi sai da sharhi a kan wani farin kati mai faɗin tafin hannu. A bangon baya na kowane littafi ta manna ɗan aljihu na takarda, nan katunan suke zama, na baya ya tarar da na gaba.

Tambaya huɗu ce a katin. Sunan littafi. Abin da ya burge ka. Abin da bai yi maka ba. Ta huɗun ita ce tarko: yaya labarin ya ƙare? Da kanta ta ƙirƙiro ta, don ta san halin 'yan makaranta ciki da bai. Yaro zai karanta shafi biyar, ya kalli hotuna, ya zo ya zuba maka cewa littafin nan yana koyar da haƙuri da biyayya ga iyaye. A wurinsu ko littafin gyaran keke haƙuri da biyayya yake koyarwa. Ƙarshen labari kuwa ba a yi masa kame-kame, ko ka kai ko ba ka kai ba.

Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa saboda yawan duba kantar ƙasa. Ta taɓa aure, bai yi tsawon rai ba, ta dawo gidansu ta zauna da mahaifiyarta. Inna ta haura tamanin, idonta ya tafi, amma kunne da baki suna nan garau. Kullum da la'asar Anti Kati takan zo da katunan ranar a jaka, ta zauna a tsakar gida tana karantawa da ƙarfi, Inna na yanke hukunci daga kan kujerarta.

"Wannan bai karanta ba," in ji Inna. "Ji yabo kamar dillali. Ba shi maki uku cikin goma, Yaya, don rubutun banza ma wahala ne."

Yaya take kiranta har yau, ko da yake babu sauran wanda take wa yaya a gidan.

Yaya tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ƙanwarta Auta tana da huɗu, suka sauka a babbar tasha su uku har da Inna, sun dawo daga ziyara. Inna za ta zaga bayan mota ta karɓo kaya. Ta ɗauki hannun hagun Auta ta danƙa a cikin na yayarta, ta ce, "Ku tsaya nan. Ke kuma, ko sama da ƙasa za su haɗe, kar ki sake ta." Dab da su wani mutum ya baza littattafai a kan buhu. Akwai ɗaya mai hoton yarinya tana bin jar lema da iska ta ɗauke. Yaya ta durƙusa ta buɗe da hannu ɗaya, iska na ta mayar mata da shafin. Sai ta saki Auta don ta danne takardar. Shafi uku kacal ta karanta. Da ta waiga, babu komai a wurin sai ƙafafun mutane.

Ta zabura da gudu tana ƙwala kira, ba ta ma san littafin yana hannunta ba. Mai littattafai ya kai mata cafka, bangon baya da shafukan ƙarshe suka tsaya a hannunsa. Ragowar ta cusa a cikin riga. Da Inna ta iso, abin da ya fito daga bakin Yaya shi ne: "Wani mai ɗauke da buhu ne ya ratsa tsakaninmu, ya fizge hannun." Inna ta dube ta sau ɗaya, ta watsar da kayan, ta kutsa cikin jama'a.

An je wurin 'yan sanda, an yi cigiya a rediyo, an bi asibitoci. Babansu ya ƙarar da shekara shida na ƙarshen rayuwarsa yana yawon tashoshi da hoto a aljihu. Shiru. Inna ta ƙi tashi daga gidan, ta kuma ƙi a canza wa ƙofa launi. Shuɗiya ce ranar da suka fita, shuɗiya ake sake shafa mata, wai kada yarinya ta zo ta wuce. Wani abu kuma ya canza wanda Yaya kaɗai ta lura da shi. Da can Inna ba ta raba su a baki: ku zo, ku ci, ku yi mini shiru, ku biyun nan sai kun ga bayana. Tun daga ranar sai "ke". Kusan shekara hamsin ke nan kalmar "ku" ba ta sake faɗowa a kanta ba.

Littafin kuwa ta kasa ƙona shi, ta kasa kallonsa. Ya yi shekaru a ƙarƙashin katifa. Da ta sami aikin laburare sai ta yi masa bango da kwali, ta manna masa aljihu, ta tura shi can kantar ƙasa cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa, da nufin ya ɓace a nan. Ta manta da malalatan ɗalibai. Ba a yi wata ba suka gano shi, don shafi arba'in ne duka-duka, ga hotuna. Suka raɗa masa suna Mara-Wutsiya.

Labarin ya yanke ne daidai inda yarinyar take kan gada, lema na shawagi a kan ruwa. Don haka duk wanda ya cika tambaya ta huɗu, ƙarya ya yi. Na farko wani yaro ne mai barci a aji. Ya rubuta: "A ƙarshe ta haƙura da lemar. Ta tsaya a tashar mota ita kaɗai, hannunta ɗaya a sama."

Babu tasha a littafin, ko a hoto. Anti Kati ta cire murfin jan biro za ta rubuta masa "ƙarya", sai ta fasa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta ba shi maki biyar, ta mayar da katin aljihun littafi, ta je ta buɗe taga duk da ba zafi ake yi ba.

Bayan wata huɗu wata yarinya ta ara. Nata katin ya ce: "Ta fito daga tasha ta ƙofar masu faci, hannunta a sama." Sai Anti Kati ta sami abin da za ta riƙe. Ai a fili yake: ɓarawon sharhi ma yana da dabara. Ba ya kwafa daidai, sai ya leƙa katin da ya tarar, ya ɗan tura labarin gaba taku biyu don kada a kama shi. Ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya, tarkonta ya koya wa yara ƙarya mai tsari. Har ta yi wa kanta dariya.

Sau biyu, sau uku a shekara ake aron Mara-Wutsiya, kowane kati kuma sai ya matsa da yarinyar. Ta tsallaka babban titi. Ta bi bayan gidan mai. Ta huta a inuwar katangar asibiti. A mararraba mai hanya huɗu, inda yaro zai iya jefa ta ko'ina, sai ta ɗauki ta hagu. Hanyar gidansu Anti Kati ke nan. Ta ce wa ranta ai yaran garin ne, sun san titunan, wasu ma sun san inda take zaune. Amma a shekara ta goma sha ɗaya wani kati ya ce yarinyar ta tsaya shan ruwa a famfon da ke gindin fitilar titi. An tumɓuke famfon nan tun iyayen yaron suna goye.

Ta kira shi bayan an tashi. Ɗan ƙarami ne, wuyan rigarsa duk tawada.

"Ina ka samo famfo?"

"A littafin, Anti."

"Nuna mini."

Ya yi ta juya shafuka har ya kai kwali. Ya sosa ƙeya. "Wallahi Anti kamar na gani. Da na zo rubutawa haka ya zo mini. Za ki rage mini maki?"

Ba ta rage ba. Amma ranar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta kwashe katunan duka daga aljihun littafin, ta kulle su a durowa, don ta ga abin da mai kwafa zai kwafa. Wata bakwai babu wanda ya taɓa shi. Sai wata baƙuwar ɗaliba, wadda aka yi wa mahaifinta canjin wurin aiki, ko sati uku ba ta yi a garin ba, ta ɗauka. Katinta ya ce: "Da ta gama shan ruwa sai ta wuce shagon wani tela mai rediyo. Hannunta na hagu yana sama, kamar wani babba na riƙe da shi, amma babu kowa."

Telan ya rasu da daɗewa, waya ake sayarwa a shagon yanzu. Anti Kati ta zauna ita kaɗai a laburare, fankar sama na 'yar ƙararta, hayaniyar yara ta yi nisa. Ta bi hotunan littafin ɗaya bayan ɗaya. A kowanne yarinyar hannu biyu ta miƙa gaba tana bin lema, babu inda ta ɗaga ɗaya. Ta buɗe durowa ta mayar da katunan inda suke, ta ɗaure su da roba, don sun fara fin littafin kauri.

Daga nan tafiyarta gida ta zama wani abu dabam. Duk inda katin ƙarshe ya ajiye yarinyar, in ta zo giftawa sai ta ji tafin hannunta na dama ya yi ɗumi, da ɗan danshi irin na hannun yaro. Takan ƙara sauri, idonta a kan takalminta. Maganar gaskiya, tana son yarinyar ta iso, so irin wanda yake hana cin abinci. Tana kuma tsoron isowarta fiye da komai a duniya, domin Auta ta san wanda ya saki hannun, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba ya iya ɓoye magana. Shi ya sa a cikin dubban katunan da ta karanta wa Inna, na Mara-Wutsiya ko ɗaya bai taɓa shiga jakarta ba.

Shekara ashirin da bakwai yarinyar ta yi tana tafiyar da babba zai yi cikin awa guda. Ranar wata Talata kati ya zo da rubutu mai karkata: "Ta iso wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Ba ta ƙwanƙwasa ba, don hannu ɗaya yana sama, ɗayan kuma tana tsotsar yatsu biyu na tsakiya."

Haka Auta take tsotsa. Ba babban yatsa ba kamar sauran yara, na tsakiya biyu.

Anti Kati ta jawo tsani, ta hau da ƙafafunta masu ciwo, ta tura littafin can saman kanta mafi tsawo, bayan naɗaɗɗun taswirori da ba mai nema. In ba a ara ba, ba za a rubuta ba. In ba a rubuta ba, ba za a shiga ba. Masu tambaya ta ce musu ya ɓata. A ranta ta ce a bar kaza cikin gashinta. Sai dai tun daga ranar, in za ta shiga gida takan ɗan karkace ta raɓa ta jikin bango, kamar mai ba wani hanya. Maƙwabta suka ɗauka ƙugu ne, har wata ta kawo mata man shafawa.

A zangon da za ta yi ritaya aka kawo sabuwar shugabar makaranta, mai takalmin da ake jin zuwansa tun daga ofis. Ba muguwa ba ce, tsabta ce ta yi mata yawa. Ta ce duk littafin da ya yage ko ya rasa shafi a zuba shi a buhu, ranar Alhamis mota za ta kwashe. Ta turo 'yan aji uku su taya aiki, ita ma ta tsaya a kansu.

A cikinsu akwai wadda ake kira 'Yar Tabarau, wadda katunanta ne kaɗai Inna take cewa a maimaita mata. Ita ce ta taɓa rubuta cewa wani marubuci ya kashe kaka a babi na biyu ne kawai don ya rasa inda zai ajiye ta. Ita ta hau tsanin. Ta sauko da taswirori, ta sauko da ƙura, ta sauko da Mara-Wutsiya da damin katunansa.

"Anti, wannan ai katunan sun fi shi ƙiba. A ba ni aro kafin a zubar?"

"Ya yage," in ji Anti Kati. Ta miƙa hannu ta karɓe shi.

"Ba ta mana," in ji shugaba. "Jibi ne ai za a kwashe. Ta dawo da shi gobe."

Washegari da aka tashi, yarinyar ta ajiye littafin a kan tebur, sabon kati a sama. Rubutunta ƙanana ne, a tsaye.

"Sunan littafi: ya goge. Abin da ya burge ni: katunan, sun fi littafin. Abin da bai yi mini ba: mutanen gidan. Na duba kwanan watan katin ƙarshe. Shekara biyu da wata uku ke nan yarinya tana tsaye a ƙofa. Ko kurame ne a ciki, ai suna fita suna shiga. Ni a ganina akwai wanda ya san tana wurin, kewaye ta yake yi. Yaya labarin ya ƙare: bai ƙare ba, an yage. Ba zan yi ƙarya ba. Wanda ya yage shi ne ya san sauran."

Anti Kati ta karanta sau biyu. A shekara ashirin da tara, wannan ne katin farko na Mara-Wutsiya da ya faɗi gaskiya a tambaya ta huɗu, kuma da ma ƙarya ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Anti, ba ki sa maki ba."

"Goma," ta ce.

"Ba kya ba da goma."

"Yau na bayar. Je ki gida, ana jiranki."

Ba ta sa littafin a buhu ba. A jakarta ta sa shi, da katunan duka. A ƙofar gida ta raɓa ta jikin bango yadda ta saba, ta ji kunyar kanta har cikin ƙashi.

Inna na kan kujerarta. "Yau jakar da nauyi," ta ce. "Na ji yadda kika ajiye ta."

"Littafi ɗaya ne, Inna. Katunansa ne da yawa."

Ta cire robar, ta fara daga na yaro mai barci a aji. Tasha. Ƙofar masu faci. Babban titi. Inna ba ta ba kowa maki ba. Da aka zo famfo ta gyara zama. Da aka zo tela mai rediyo leɓɓanta suka motsa. Da aka zo yatsu biyu na tsakiya sai ta ɗora hannu a ƙirji ta bar shi a nan. Anti Kati ta karanta na 'Yar Tabarau har ƙarshe, ta ajiye, ta ɗora littafin a cinyar Inna.

"Babu wani mai buhu, Inna. Ni na sake ta. Wannan nake karantawa, iska na rufe mini, na sake ta don in danne shafi." Kuka ya ƙwace mata, irin na yarinya, da shessheƙa.

Inna ta shafa bangon kwalin, ta shafa wurin da ya yage.

"Wa yake juya miki katifa, Yaya? Kwana uku da abin na gan shi. Tun a tasha ma na sani. Wanda aka fizge wa yaro, hannu a buɗe yake zuwa. Ke kuwa kin zo kin rungume cikinki da hannu biyu."

"Kika yi shiru? Duk shekarun nan?"

"Na rasa ɗaya a tasha. In buɗe baki in rasa ta biyu a cikin gida? Kuma wace ce ta bar wa 'yar shekara sha ɗaya amana, ta tafi neman ƙullin tsummoki?" Ta share ido da gefen mayafi. "Bar wannan. Yanzu ina take?"

"A ƙofa."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata uku."

Inna ta daki hannun kujera. Anti Kati ba ta taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarta ba. "To wannan ne laifinki, ba wancan ba! Wancan yarinya ce ta yi. Wannan babbar mace ce, da furfurarta. Tashi!"

Ta tashi. Taku goma sha biyu ne daga kujerar Inna zuwa ƙofa, ta yi su kamar mai tafiya cikin ruwa. Ta zare sakata, ta ja shuɗiyar ƙofar har ta bugi bango.

Hasken ranar la'asar ne a titi. Wani mai keke ya wuce. Can gaba wani mai shago yana goge gilashinsa. A kan dokin ƙofa babu komai sai ganye ɗaya busasshe. Wannan karon ba ta raɓa ba. Ta tsaya a tsakiya, ta sauke hannunta na dama, ta buɗe shi daidai tsawon da ta tuna, ta bar shi a nan. Mai shagon ya ɗago ya kalle ta, ya ci gaba da aikinsa. Tafin hannun ya yi ɗumi. Ta yiwu rana ce. Ta rufe yatsunta a hankali, ba sosai ba, yadda ba za su yi wa kowa ciwo ba.

Daga tsakar gida muryar Inna ta taso, da faɗa-faɗa irin na da.

"Me kuke yi a rana? Ku shigo mana."